Dariyar Ning a Kaset ɗin Ambo

Jubail, Fabrairu 1984

Ning tawa, uwar Marilou,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, irin wadda ba a buɗe ta a filin jirgi. Ina fata kina lafiya, ke da Marilou da Boyet da tsohuwarmu Inay. Ki ce wa Inay gwiwar nan tata ta yi haƙuri har in dawo in walde mata ita. Ni lafiyata lau, sai haƙorin nan na hagu da ya ƙi zama ya ƙi tafiya, kamar ƙanenki. Busasshen kifin da kika aiko ya iso. Balaraben da ke gadin ƙofa ya shaƙi ƙamshinsa, ya tambaya ko wani ya rasu a ɗakinmu.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san aji huɗu na yi, na biyar ɗin ta taga na leƙa shi. Da a kaset zan yi miki magana kamar yadda muka saba, amma zancen yau ba na ɗauka ba ne a ɗakin da maza takwas ke kwana. Kuma tunda ke kin daina aiko mini da naki tun kafin Kirsimeti, wai maƙogwaro, na ce bari ni ma in ja aji.

To ga maganar. Pareng Ambo, wanda ya riƙe mana Boyet ranar baftisma, ya sayi bidiyo. Ran Juma'a da ba aiki, bayan an ci abincin rana, sai a rufe ƙofa, a sa mutum ɗaya gadi, a kalli abin da ya samu. Wannan karon wani sabon zuwa ya shigo da fim ɗin bomba, wato na tsiraici, daga Manila, ya ɓoye shi inda ko ni ba zan so in bincika ba. Kada ki tambaye ni me ya kai ni. Ɗakin Ambo ya fi namu sanyi, shi ke nan.

Labarin wata mai wanki ne a bakin magudanar ruwa. Gilda Solano ce ta fito, kuma ban taɓa ganin mai wankin da ke yawan rasa abin sawa kamarta ba. Ambo ba ya bari a ji surutu. Da an fara magana sai ya danna ya tura gaba, har inda riga za ta faɗi. Ina zaune ina shewa da kowa. Sai ta buɗe baki ta kira sunan saurayin.

Ning, bakin na Gilda ne, amma muryar na san inda take kwana.

Na ce wa kaina rana ce ta taɓa ni. Nishin ma na ce ai mata duk iri ɗaya suke yi, ni me na sani. Sai saurayin ya raɗa mata wani abu a kunne, ta yi dariya. Dariyar nan da ke hawa sama, sannan ta ƙare da ƙugi kamar famfon da ya ja iska. Shekara goma sha tara ina jin ta, ina zaton ni kaɗai ke da makullinta. Maza talatin suka ji ta ran nan. Wani ɗan Cebu har ya ce a mayar baya a sake.

Na san kina wasan rediyo, kina fitowa a suruka da fatalwa, ban taɓa hana ki ba. Wannan ba suruka ba ce. Ki rubuto ki ce mini kunnena ne ya lalace da ƙarar injin, zan yarda, har in biya kuɗin likita.

Mijinki, in har yanzu,
Densyo


Pandacan, Fabrairu 1984

Densyo,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan lafiya lau. Boyet ya yi mura ya warke. Marilou ta ci jarrabawarta, tana cewa a faɗa wa Tatay ɗinta, wato kai, ya shirya bakinsa na alfahari. Inay ta ce gwiwarta ta fi haƙorinka hankali.

Shiru kwana biyu ban ga wasiƙarka ba, ina fata ba fushin kaset kake yi ba. Da gaske muryata ce ta dushe, shayin citta nake sha safe da yamma. Aiki ya yi mini yawa, kuma ba a tsohon wurin ba. Yanzu Quezon City nake zuwa, sai na hau motar haya ta jifni biyu. Wuni muke yi a ɗaki mai duhu ni da Mang Inggo, ƙofa a rufe, in na fito sai rana ta riƙa dukan idona. Mutumin kirki ne, yana da haƙuri da ni, in na kasa sai mu sake har ya yi daidai. Direk kuma, wato daraktanmu, ya ce bai taɓa samun irina ba, har ya saya mini gyale don kada sanyi ya kama wuyana.

Akwai abin da na yi wanda na yi alfahari da shi, sannan kuma ya sa ni kuka. Ba ya rubutuwa. Sai ka dawo hutu na faɗa maka baki da baki.

Ka riƙa sa gilashinka in kana walda, kada ka dawo mini makaho.

Ning


Jubail, Maris 1984

Uwargida Luningning Macaraeg,

Gaisuwa. Ina lafiya, haƙorin ya fita, ko shi ya gaji da ni.

Wasiƙarki ta zo. Na ga hatimin gidan waya, na san kin rubuta ta kafin tawa ta same ki, sun yi saɓani a sama. To na gode wa jirgin, ya sa kin faɗi gaskiya ba tare da an tambaye ki ba. Na karanta ta sau da yawa, da yatsa, kamar yadda malamar aji biyu ta koya mini, ko zan ga inda na yi kuskure. Ɗaki mai duhu dai na nan. Ƙofa a rufe tana nan. Mang Inggo mai haƙuri yana nan, kuna sakewa har ya yi daidai. Ni ban taɓa samun wanda ya ce mini in sake ba.

Direk ya sayi gyale. Madalla. Ni fanka na aiko, da tukunyar shinkafa, da agogon da ke kiran sunan awa, ashe wuya ne ke jin sanyi ban sani ba. Me aji huɗu zai sani.

Kin san abin da ya fi ci mini rai? Ba na iya faɗa wa kowa. Jiya a wurin cin abinci ɗan Cebun nan yana kwaikwayon dariyar, har da ƙugin, kowa na buga tebur. Ni ma na buga. In ban buga ba za su tambaye ni me ya same ni. Mai ba da dariyar sansani guda, yau ga shi ana dariya da kayansa yana tafi.

Don haka na yi abin da namiji zai yi, wato na yi sata. Ambo ya tafi wanka, na ɗauke kaset ɗin. Yana can yana zargin 'yan Pampanga. Ran Asabar zan kai shi wurin aiki in sa masa wutar walda, in ga ko Gilda za ta ji zafi ta nemi riga.

Ke kuma ki bar wannan aiki. Ban taɓa ba ki umarni ba, ban ma san yadda ake farawa ba, amma ga shi na fara. In kin ƙi, kwangilata za ta ƙare a ƙarshen shekara, zan sa hannu a wata. Nan aƙalla na san wanda ke mini ihu da dalilinsa.

Ki sumbaci yaran, in sumbar ba ta ƙare a wurin aiki ba.

P. Macaraeg


Pandacan, Afrilu 1984

Prudencio,

Muna lafiya. Ina fata kai ma, don ina so ka kasance da ƙarfin karanta wannan har ƙarshe.

Wasiƙunka biyu sun iso rana ɗaya. Ta farko ta sa na ji tausayinka. Ta biyu na karanta ta a tsaye.

Kunnenka lafiya lau. Ni ce. Gidan rediyon ya soke wasanmu bara, ban faɗa maka ba don kada ka ƙara dare a kan rana kana aiki. Ka san ba a ɗaukar murya a wurin da ake ɗaukar fim, saboda zakaru da jifni. Daga baya ake ɗorawa. Gilda yarinya ce daga Samar, ba ta fi Marilou da komai ba, in ta yi yaren Tagalog har yanzu ana jin garinsu a bakinta. Shi ya sa suka nemi mai ara mata murya. Ban ɓoye don na ji kunya ba. Na ɓoye don na san wanda na aura.

Bari in nuna maka ɗakin nan mai duhu da ya hana ka barci. Sanyi ne kamar wurin ajiye kifi, ina sanye da rigar sanyinka ta ruwan toka. Ina tsaye gaban ƙarfen magana ina kallon leɓen Gilda a bango, in na makara da ƙiftawar ido sai a sake. Mang Inggo shi ne muryar saurayin nan da ka gani. Ya haura sittin, yana da asma, kuma yana cire haƙoransa ya sa a kofi kafin mu fara don suna ƙara. Nishin da ya fi burge abokanka asmarsa ce. Sumbar kuwa bayan hannuna nake tsotsa, shi ma nasa. Matarsa Aling Pacing tana zaune a baya tana ɓare dafaffiyar gyaɗa tana ce mana mun cika gaggawa.

Kai ka zauna ka kalla, kana shewa, ni na tsaya da rigar sanyi ina tsotsar hannuna. Ka faɗa mini wa ya kamata ya tuhumi wani.

Sai dariyar. Sau nawa aka gwada ta ƙi fitowa. Direk ya ba da labaran ban dariya, Mang Inggo ya mayar da haƙoransa a juye, duk a banza, ta rediyo ce ke fitowa. Sai Direk ya ce in rufe ido in nemo wani abu nawa. Na nemo wani saurayi a Lingayen da ya yi hayar mai gita, ya sa rigar aro, ya tsaya ƙarƙashin taga ya rera waƙa uku da dukan zuciyarsa. Taga ta buɗe, kakata ta leƙo da tabarta a baki ta ce ta amince, ya turo iyayensa. Ni ina ɗaya tagar. Ka tuna abin da ka ji daga can. Ita ce ka ji a Jubail. Ba saurayin Gilda ya ba ni ita ba, sakarai.

Yanzu ga abin da na ce maka ba ya rubutuwa. Mai kuɗin fim ɗin fata kawai yake so, ya ce in an yi nisa ba a cire riga ba mutane za su fita. Direk ya ce to, zai ba shi fata, amma zai sa ƙashi a ciki. Haka suke yi duk masu hankalin cikinsu, don ba wanda zai ba ka kuɗi ka nuna talauci da rigarsa. Kusa da ƙarshe akwai wurin da za a yi manyan baƙi a gari, aka zo da katafila a share gidajen bakin ruwa, a ja farin bango a rufe. Mai wankin ta tsaya gaban shugaban masu rusau. Bayanta kawai ake gani, babu leɓen da zan bi. Direk ya ajiye takardarsa ya ce, Manang, ke an taɓa rushe miki, ki faɗi naki. Na faɗa. Sau ɗaya aka ɗauka. Aling Pacing ta daina ɓare gyaɗa.

Masu tace fim sun kalli wurin wanka sau biyu don su tabbatar, suka bar shi. Wurin katafilar suka sa wa almakashi, suka riƙe abin da suka yanke. Na kai Inay sinima a Avenida don ta ji ni, muka zauna har aka kunna fitila, babu. Abin da na ce maka ya sa ni kuka ke nan.

Na tambayi Direk. Ya ce kaset ɗin da ke fita waje da wuri irin naku galibi a wurin wanke fim ake kwafarsu a ɓoye, kafin almakashi. Shi kansa ba shi da ko ɗaya. Wataƙila abin da na faɗa yana cikin wanda ka sace. Ba za ka sani ba, tunda ku ba ku jin surutu.

Na ƙirga, Asabar ɗinka ta wuce tun kafin wasiƙarka ta baro Saudiyya. In ka ƙona shi, ka faɗa mini kai tsaye, ba da barkwanci ba. Aikin kuwa ba zan bari ba. Ka sa hannu a duk inda kake so.

Luningning


Pandacan, Mayu 1984

Densyo,

Muna lafiya. Boyet yana tambayar ko Tatay ya mance karatu ne. Na ce masa dama bai yi nisa ba.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Ning


Jubail, Yuni 1984

Ning tawa,

Gaisuwa irin ta wanda ya cire hula ya riƙe a hannu. Ina lafiya. Leɓena ya fashe amma ya haɗe, zan zo kan wannan. Ki gaida Inay, ki ce wa Marilou bakin alfaharin yana nan, ya ɗan kumbura ne kawai. Boyet kuwa ki ce masa karatun ubansa bai yi nisa ba, amma bai ɓata a hanya ba.

Kin ce ba da barkwanci ba, to ga layi ɗaya babu shi. Ban ƙona ba.

Na kai shi wurin aiki ran Asabar ɗin, na kunna wuta, na sauke gilashi. Sai na tuna rabona da jin muryarki tun kafin Kirsimeti, kuma ga ta a hannuna, ko da a bakin wata ce. Na kashe wutar. Na dawo da shi na tura cikin buhun shinkafa. Duk lokacin da na ɗibi shinkafa sai in taɓa shi in zage shi. Haka muka zauna ni da shi kamar kishiyoyi har wasiƙarki ta zo. Jinkirin amsar kuwa, ki yi haƙuri, neman inda zan ajiye fuskata nake yi.

Kaset ba ya magana sai da bidiyo, bidiyo kuma na Ambo ne. Na je na miƙa masa, shinkafa na zuba daga ciki. Bai bari na yi bayani ba ya kai mini naushi, shi ne leɓen. Ina zaune a ƙasa na ce masa, Pare, muryar nan ta kumarenka ce, uwar yaron da ka riƙe a coci. Da kin ga fuskarsa. Mutumin da ya kalli abin nan ya fi a ƙirga, har ya san inda zai tsaya ido rufe. Ya zauna a bakin gado, ya yi alamar gicciye, ya ce in rama. Na ce ba na son ramuwa, ina son ɗakinsa ran Juma'a.

Na so ni kaɗai, amma a sansani ko tari ka yi sai an taya ka. Ɗakin ya cika. Na tashi na yi jawabi, na ce yau surutu za a kalla, wanda bai so ga ƙofa. Na ɗauki tawul ɗin Ambo na rufe talabijin ɗin. Suka yi ta ƙorafi, ɗan Cebu ya ce wannan ai rediyo ne. Na ce e, matata 'yar rediyo ce.

Yana ciki, Ning. Duk yana ciki. Ƙarar katafila, kukan yara, sai ke. Kika lissafa musu abin da ke cikin ɗakin. Keken ɗinkin uwarki, hoton aure, fankar da miji ya aiko wadda ba a taɓa fitarwa daga kwali ba don babu wuta. Sannan kika ce, ba da ihu ba, kamar kina tambayar farashin kifi:

"Mijina yana can cikin rairayi yana gina wa wasu gari. Ku kuma kuna nan kuna rushe masa ɗaki ɗaya. In ya dawo, a wace ƙofa zan ce ya ƙwanƙwasa?"

Ban san kin riƙe maganar nan ba. Ranar da aka rushe mana namu a Tondo ni barkwanci na yi, na ce yanzu mun samu iska ta ko'ina. Na ɗauka kin haƙura ne. Bayan nan na fara neman hanyar zuwa nan, kuma ban taɓa tambayarki ba.

Ba wanda ya yi shewa. Wani dattijo kafinta ya fita waje ya daɗe yana gyara takalmin da babu abin da ya same shi. Ɗan Cebu ne ya fara magana, ya ce a mayar baya a sake. Wannan karon ban ji haushinsa ba. Kaɗan dai.

Yanzu ga yadda muka raba fim ɗin, an yi taro an amince. In an zo wurin cire riga, a kashe murya gaba ɗaya, su kalli Gilda a kurmance. In an zo wurinki, a sa tawul. Wurin dariyar kuwa Ambo yana tura shi gaba da kansa, yana kallon silin. Suna kiranki Manang Ning, kamar yayarsu. Wasu sun ce in tambaye ki ko za ki karanta musu wasiƙun matansu a kaset, na ce su je su auri 'yan rediyo.

Umarnin da na ba ki na janye shi, dama bai zauna a bakina daidai ba. Ba zan sa hannu a komai ba, Kirsimeti a gida zan yi. Ki gaida Mang Inggo, ki ce ina masa fatan sauƙi, amma kada ya warke sosai. Direk kuwa ban gaishe shi ba tukuna, ina nazarin gyalen nan. Nishin ki ci gaba da sayar musu, tunda bayan hannu ne. Dariyar dai, Ning, ni na sha kunyarta a ƙarƙashin tagar kakarki, ni na biya mai gita. In Direk ya sake nema, ki ba shi ta surukar.

Ambo zai tafi hutu ƙarshen wata, shi zai kawo miki kaset ɗin. Mun manna masa takarda mun rubuta Baftismar Boyet, in an tsare shi a filin jirgi ya san abin da zai ce wa Allah. Na ce ya ba ki hannu da hannu, ke ki san wanda za ki kai wa.

Ki karɓa a bakin ƙofa. Ki ba shi ruwa in ya nema. Zai so ya ba ki labarin leɓena, kuma ya iya ba da labari, shegen. Ki riƙe dariyar har in zo.

Naki, mai waƙa uku,
Densyo